BAƘON DA BA RAƁA BA NE
Jawabin da anka yi wa taron ƙungiya a Maraɗi

Iyayenmu dattawa, malamai, ƴan'uwa maza da mata na Maraɗi, da waɗanda sunka taso daga Tibiri da Jiratawa, muna yi muku barka da zuwa.

Maganarmu ta yau ƙarama ce ga ido, amma ta shafi gona da garke da ruwan sha. Ga ta: dabba ko tsiro da mutum ya ɗauko daga wani wuri ya saki, ba ya tsayawa inda anka aje shi. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To, akwai baƙon da in ya sauka ba ya tashi, har ya kori mai gida.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Kyanwa ta haihu a gida, ƴaƴa sun yi yawa, sai a zuba su cikin buhu a ba yaro ya kai bakin Gulbi ya zazzage. Kare ya tsufa ko ya fara ɓarna, sai a kai shi bayan gari a baro shi. Mai gida na ganin ya yi tausayi tunda bai kashe ba. Amma mi ke biyo baya? Da yawansu yunwa da ƙishirwa ke kashe su cikin wahala. Waɗanda sunka rayu kuwa, dole su ci. Kyanwar daji na cin ƴan tsakin zabi da na fakara, da kurciya, da ƙadangaru masu rage mana ƙwari a gona. Karnuka na haɗuwa gungu, su faɗa wa ƴan tumaki da ƴan awaki. Karen da ba shi da mai shi, ba mai kai shi allura, kuma ta nan ciwon haukan kare ke shigowa gari. Ƙungiyar lafiya ta duniya na ƙiyasta cewa ciwon nan na kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, da yawa daga cikinsu yara ne kamar waɗanda muke karantarwa a lakwal.

Don mu gane inda sakaci ke kaiwa, mu leƙa wasu ƙasashe. A 1859 wani Bature ya saki zomaye 24 a gonarsa a Ostiraliya, don ya riƙa farauta. Can ba dabbobin da ke cinsu kamar a ƙasarsu ta asali. Kafin shekara hamsin sun cika ƙasar, sun cinye ciyawar tumaki, har gwamnati ta ja shingen waya na fiye da kilomita 3.000 tsakanin 1901 da 1907, bai kuwa tsai da su ba. A Amurka, jihar Fulorida, mutane sun riƙa sayen ƴaƴan mesa na ƙasar Bama suna kiwo don sha'awa. Da sunka girma, wasu anka sake su cikin fadama, wasu sunka kuɓuce. Sun hayayyafa, sun kusa ƙarar da zomaye da ƙananan namun dajin wurin. A 2012 anka hana shigo da su, amma aikin gama ya gama.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. A nan Nijar ma mun gani, sai dai da tsirrai. Akwai wata ciyawar ruwa mai furanni shuɗi, mai kama da kainuwa, asalinta Amurka ta Kudu. Kyawon furenta ya sa anka yi ta yawo da ita duniya. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ta bayyana a kogin Kwara, ta kai Yamai. Cikin sati biyu tana iya ninka yawanta. Tana toshe hanyar jirgin masunta da bakin famfon ban ruwa, tana hana kifi iska. A gabas kuma, wajen tabkin Cadi, an shuka iccen nan mai ƙaya da ake kira Prosopis, ɗan'uwan ƙirya, wajen 1977, don ya tsai da rairayi. Niyyar mai kyau ce. Bisashe sunka ci ƴaƴansa, sunka watsa irin cikin kashinsu, ya mamaye dubban hektoci inda da ake noma da kamun kifi.

Ba mu ce duk baƙo mugu ne ba. Dogon yaro daga Indiya ya fito, ga shi muna shan inuwarsa a titunan Maraɗi. Magana ita ce, ba mai iya sanin halin baƙo kafin ya sake shi, in kuwa ya bazu ba ya tattaruwa. Ku dubi garmani a makiyayarmu da burtali: inda kiwo ya yi yawa ƙasa ta gaji, shi ke kama wuri, bisashe ba su damu da shi ba, ciyawa mai kyau ta rasa wurin fita. Wanda ya taɓa shiga aikin gayya na cire shi ya san wuyar korar abin da ya riga ya zauna. Ku tuna kuma Gulbin Maraɗi da tabkin Madarunfa da magudanan ban ruwa na Jiratawa duk cikin kwari ɗaya suke. Abin da anka jefa a sama, ruwan damina na iya kai shi har Tibiri.

Saboda haka muna roƙon taro ya riƙe abu biyar.

Na ɗaya: kafin ka karɓi kyanwa, kare ko zomo, ka tambayi kanka ko kana iya ciyar da shi har ƙarshen ransa.

Na biyu: in ya fi ƙarfinka, ka nemi mai so. Mai rumbu na bukatar kyanwa, mai garka na bukatar kare. In ba ka samu ba, ka nemi shawarar likitan dabbobi.

Na uku: a kai karnuka allura. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar, kada a jira.

Na huɗu: matafiya da ƴan kasuwa, kada ku ɗauko kifi ko tsiron ruwa daga wata ƙasa ku zuba cikin tabki ko gulbi.

Na biyar: manomin da ya ga baƙon tsiro ko baƙuwar tsutsa a gonarsa, ya kai samfuri ga malamin gona ko ma'aikatan gandun daji tun abin bai bazu ba. Akwai masanan INRAN a nan Maraɗi, aikinsu ke nan.

Mu malaman lakwal mun ɗauki namu kason: za mu koya wa yara wannan darasi, domin su ake aika da buhun. Ku iyaye ku taimake mu daga gida. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.