Shingen tsakiyar titi

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya har Kano ya san cewa haɗarin gaba da gaba yana cikin waɗanda suka fi cin rayuka. Taya ta fashe, ko gyangyaɗi ya ɗebi direban tirela, sai motar ta tsallaka ɗaya hannun ta afka wa bas cike da fasinjoji. Motoci biyu kowacce na gudun kilomita 100 a awa, idan suka yi taho-mu-gama, da wuya a fitar da mai rai.

Maganin wannan shi ne shingen kankare a tsakiyar titi. Irin wanda aka fara gwadawa a jihar New Jersey ta Amurka a shekarun 1950 yana da faɗi a gindi, ya tsuke a sama. Idan taya ta goge shi, sai ta ɗan hau gangaren, motar ta koma hannunta.

Abin takaici, a wasu garuruwan bakin hanya mu da kanmu muke fasa shingen, don a samu wurin juya mota ko ratsawa da babur. Ƙyuyar tafiya kaɗan zuwa mahaɗa ke buɗe ƙofar ajali. Ga kuma direbobin da ke bin hannun da ba nasu ba, har da dare.

Muna kira ga Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta toshe waɗannan wuraren da aka fasa, ta samar da wuraren juyawa kusa da garuruwa. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma ta hukunta duk wanda ta kama yana fasa shinge.