Ku Tambaye Su Zancen Kwamfuta

Kafin in shiga siyasa malamin makaranta ne ni, na sha ƙurar alli. To, ku saurara.

Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a, wato JAMB, da kwamfuta ake yin ta. Ɗan mai kuɗi ya saba da ita tun yana firamare. Ɗan talaka kuwa sai ranar jarrabawa zai fara taɓa ta, hannu na rawa. Ina adalci a nan?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: yaushe makarantar garinmu za ta sami wutar sola da kwamfuta, a koya wa malamai aiki da ita? In ya kama kame-kame, ku riƙe ƙuri'arku.