Kwamfuta ma tana buƙatar harshen kasuwa



Yau maganarmu kan kwamfuta ce, da yadda take zance da ƴar'uwarta.

A da, kowane kamfani da nasa harshe. Kwamfutocin Apple suna amfani da AppleTalk. Ofisoshin da suka sayi kayan Novell kuwa, nasu tsarin daban ne. A cikin ofis ɗaya ana fahimtar juna, amma da an fita ƙofa sai kurumta.

Kamar kasuwar Tasawa ce. Bafulatani da Buzu kowa da harshensa na gida, amma ciniki da Hausa ake yi. To, Hausar kwamfuta ita ce TCP/IP, ƙa'idar da intanet ke gudana a kanta tun 1983. Ba mallakar wani kamfani ba ce. Da Windows 95 ta zo da ita a ciki, sai tsarin kamfanoni ya fara ja da baya.

Me ya shafe mu? Ya shafe mu ƙwarai. Ofishin magajin gari, asibiti, makaranta, duk ana kawo masu na'urori. Idan na'ura ba ta jin harshen kowa, bayananmu sun maƙale a ɗaki ɗaya.

Don haka shugabanni, kafin ku karɓi kaya, ku tambaya: shin na'urar tana haɗuwa da intanet? Ku tambaya kafin ku sa hannu.