Rumfar Gora da Zauren Gwamnati: Lacca kan Wasan Waƙa na Hong Kong



Tambaya ɗaya na kawo muku yau: idan gwamnati ta ɗauki nauyin wasan gargajiya, me kuɗinta ke iya saya, me kuma ya gagare su? Zan nemi amsar a Hong Kong, inda ake yin wasan kwaikwayo na waƙa da harshen Kanton, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2009.

Wasa ne na ishara. Ɗan wasa ya shafe fuska da fari da ja, ya sa riga mai dogayen hannuwa na farin siliki. In ya ɗaga bulala, to ya hau doki ke nan, ko da yake babu doki a dandalin. Makaɗa na gefe da wani irin goge da kuge da ganguna, kowane taku da nasa bugun.

Gwamnatin Hong Kong ba ta yi rowa ba. Tun 2003 ake ware Lahadin ƙarshe ta Nuwamba a matsayin ranar wannan wasa. A 2005 aka kafa asusun bunƙasa shi, a 2010 aka fara bikin shekara-shekara da ke gayyato ƙungiyoyi daga sassan ƙasar Sin. Tsohon gidan silima na Yau Ma Tei, ginin 1930, an gyara shi an buɗe a 2012 domin matasan 'yan wasa su sami wurin gogewa. A 2019 kuma aka buɗe katafariyar Cibiyar Xiqu a Kowloon ta Yamma, mai babban zaure na kujeru kimanin 1,000 da ƙaramin ɗakin shayi, inda baƙo zai kurɓi shayi yana kallo, ana yi masa bayani. Ana kai wasan makarantu da unguwanni. Duk wannan aiki ne na yabo.

Amma ni a ganina, jijiyar wasan tana wani wuri daban. Ku je ƙauyukan masunta lokacin bikin Tin Hau, abar bautar masu shiga teku, wanda ke faɗowa ranar 23 ga wata na uku a kalandarsu ta wata. Kwamitin gari ne ke tara kuɗi daga magidanta da 'yan kasuwa, ya ɗauko ƙungiyar wasa, ya kira masu kafa rumfa. Su kuwa da gora da gungumen itace da kwanon rufi suke aiki, ɗauri kawai, babu ƙusa. Rumfa mai cin ɗaruruwan mutane za ta tashi, a yi wasa 'yan kwanaki, a kwance ta. A tsibirin Po Toi har a kan gangaren dutse a bakin teku ake kafa ta. Dandalin yana fuskantar ɗakin bautar, domin a wurinsu ita ce babbar mai kallo, jama'a 'yan rakiya ne.

Idan fili sabo ne, ba a taɓa wasa a kansa ba, sai an yi al'adar farar damisa. Ɗan wasa ya fito da shigar damisa, a ba shi ɗanyen naman alade, wani ya fito a matsayin jarumi ya murƙushe shi. Kafin a gama, 'yan ƙungiya ba sa buɗe baki, don sun yi imani maganar da aka furta a lokacin tana iya komawa kan mai ita. Ba sai mun yarda da wannan aƙida ba kafin mu gane abin da take nunawa: mutanen nan ba tallafi suke jira ba, wajibi suke saukewa. Kamar makaɗin da gidan biki ya kira ne, ba wanda hukuma ta ɗauko don cika jadawalin taro ba.

Gwamnati ma ta gane haka. Kafin a gina Cibiyar Xiqu, rumfar gora aka riƙa kafawa a filin lokacin sabuwar shekararsu, a 2012 da 2013, jama'a suka yi cincirindo. A 2017 aka sa fasahar kafa rumfar a jerin al'adun gado na birnin.

To, amma rubuta suna a jeri ba ya biyan haya. Gidan wasa na Sunbeam da ke North Point, na 'yan kasuwa, wanda tun 1972 masoya wasan ke cika shi, ya rufe a Maris na 2025 bayan an sayar da ginin. A watan ne kuma gwamnati ta ce za a ƙara amfani da ƙarfe a madadin gora wajen kafa matakalar magina a ayyukanta, saboda tsaron lafiyar ma'aikata. Dalili ne mai ƙarfi, ba na musu. Sai dai sana'ar ɗaurin gora a wurin gini take samun abinci da almajirai, rumfar biki kuwa aikin 'yan makonni ce a shekara. Asusun 2005 zai iya horar da mawaƙi. Ban ga yadda shi kaɗai zai riƙe mai ɗaurin gora a sana'arsa ba.