Abin da ke Hana Ƙwan Kaza Ƙyanƙyashewa a Injin Gida

 

A 'yan shekarun nan ƙaramin injin ƙyanƙyasa ya shiga gidajenmu sosai. Akwai na kanti mai cin ƙwai 48 ko 56, akwai wanda matasa ke ƙerawa da katako ko da tsohon firji, akwai kuma mai aiki da kananzir. Matan aure sun saya da kuɗin adashi, matasa sun saya da jarin da suka tara da ƙyar. Amma kukan da muke ji iri ɗaya ne: an zuba ƙwai, an yi tsaron kwana 21, an tashi da 'yan tsaki ƙalilan ko ma babu ko ɗaya. Daga nan sai a ɗora wa injin laifi, ko a ce baki ne, a kwashe ƙwan a zubar a bola. Abin da na zo da shi yau guda ne. Ƙwan nan da muke zubarwa shi ke ɗauke da amsar tambayarmu, domin duk wanda ya ƙi ƙyanƙyashewa yana nuna ranar da ya mutu, ranar kuma ita ke nuna abin da ya kashe shi.

Ni kaina ta hanyar asara na koyi wannan. Zubina na farko a watan Afrilu na yi shi, da ƙwan da na tara na kusan mako biyu a cikin kwano a kan kabad, a ɗaki mai rufin kwano. Ranar 23 ta wuce shiru. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya hana ni zubarwa, ya sa na kawo faranti muka fita bayan gida muna fasawa ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu wani jan zobe muka gani siriri kamar zare a jikin gwaiduwa. Ya dube ni ya ce, "Malam, waɗannan tun kafin ka kunna injin suka gama wahala." Gaskiya ya faɗa, kuma daga nan zan fara.

Ƙwan da zakara ya yi wa kazarsa barbara rayayye ne tun ranar da aka saka shi. Ɗan da ke ciki yana kwance ne kawai yana jiran ɗumi. Da zarar zafin wurin ya haura digiri 24 ko kusa da haka, sai ya fara motsin girma, amma girma ne na wahala, tunda zafin bai kai wanda yake buƙata ba kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yanzu ku tuna da ɗakunanmu a bazara, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin rana ke wuce digiri 40. Ƙwan da ya kwana goma a irin wannan ɗaki ya fara girma da rana, ya tsaya da asuba, ya sake farawa, har ya galabaita. In ya shiga injin ba ya wuce kwana uku ko huɗu. Masana kiwo sun tsaya a kan cewa ƙwan ƙyanƙyasa a ajiye shi a sanyin digiri 13 zuwa 18, kuma kada ya wuce kwana 7. Firjin gida ya yi masa sanyi da yawa, ɗaki kuma ya yi masa zafi. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ba lallai ta sauko da zafin zuwa 18 ba, amma tana rage shi ƙwarai, muddin ƙwan bai taɓa ruwa ba. A jera shi tsinin na ƙasa, a riƙa kwasowa daga akurki sau biyu ko uku a yini, a bazara kuma a rage kwanakin tarawa zuwa huɗu ko biyar.

Kafin ma ajiya akwai tambayar ko ƙwan yana da ɗa. Har yau ana samun wanda zai sayi kiret ɗin ƙwan gidan gona a kasuwa ya zuba a injin. Kajin nan na keji ba su taɓa ganin zakara ba, don haka ko shekara ƙwansu ya yi a injin babu abin da zai fito. A gida kuma, zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In sun fi haka wasu ba za su samu barbara ba, in zakarun sun yi yawa faɗa zai ɗauke musu hankali. Tsohon zakara da wanda zafi ya dama ƙarfinsu yana raguwa. Haka nan garken da aka bar zakara yana bin 'ya'yansa da jikokinsa shekara da shekaru, ƙyanƙyasarsa tana ja baya, shi ya sa musayar zakara da wani gida mai nisa take da amfani. Abincin uwa ma yana shiga ƙwai kai tsaye. Kazar da ba ta samun komai sai dusa da tsince-tsince za ta yi ƙwai, amma ɗan da ke ciki sai guzurinsa ya ƙare a tsakiyar hanya saboda ƙarancin sinadarai irin su bitamin A da E da rukunin B.

Sai wanki. Uwargida mai tsabta ta ga kashin kaza a jikin ƙwai, sai ta wanke shi tas da ruwan randa. Niyya mai kyau ce, amma ɓarna take yi. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan tsako ke shaƙar iska ta cikinsu, kuma kaza tana lulluɓe shi da wani siririn maiƙo da ke tare ƙwayoyin cuta. Wanki yana cire maiƙon, ruwan sanyi kuma yana sa cikin ƙwan ya tsuke ya zuƙo ƙazantar ciki. Irin wannan ne ke zama baragurbi, ya fashe a injin ya shafa wa na kusa da shi. Mai ɗan datti a kankare shi a bushe. Mai datti da yawa, da mai tsagu, da wanda ya cika girma ko ƙanƙanta, a kai su kicin. Wanda kuma aka ɗauko daga nesa a bayan babur, a bar shi ya huta yini ɗaya kafin a zuba.

Yanzu mu shiga cikin injin. Mai fanka a ciki yana son digiri 37.5. Marar fanka, kamar yawancin na kananzir, ana auna shi daidai saman ƙwai, kuma ana so ya kai wajen 38.5, saboda zafi a sama yake taruwa. Lambar da injin ke nunawa a goshinsa ba abar amincewa ba ce sai an gwada ta. A sayi ma'aunin zafin jiki na kemis a ajiye kusa da ƙwan, a matsa da shi kusurwa-kusurwa, domin sau da yawa tsakiya daban, gefe daban. Ƙyanƙyasar da kanta tana ba da shaida: in 'yan tsaki sun fara fitowa ranar 19 ƙanana da jini a cibiya, zafi ya yi yawa, in sai ranar 22 ko 23 suke fitowa a jigace, zafi ya gaza.

Kowa ɗaukewar wuta yake tsoro, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ɗan tsako ya fi jure sanyin 'yan sa'o'i a kan zafin da ya wuce kima. Uwar kaza ma ai tana tashi daga kwanci ta je ta ci ta sha ta yi birgima ta dawo. In an ɗauke wuta, a bar injin a rufe, a yafa masa bargo ba tare da toshe ƙofofin iska ba, a sa gorar ruwan ɗumi a ciki in abin ya daɗe. Wanda ya fi kisa a wurinmu shi ne abin da takardar injin ba ta faɗa ba. Injin nan ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. In zafin ɗaki ya kai 41 da azahar, injin zai kashe wutarsa amma cikinsa ba zai sauko ba. Ga shi kuma daga mako na biyu zuwa sama 'yan tsakin da kansu suna fitar da zafin jiki. Sa'o'i kaɗan a sama da digiri 40 sun isa su hallaka tire guda. Don haka a watannin Maris zuwa Mayu wurin ajiye injin ya fi injin muhimmanci. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, nesa da taga da hasken rana, ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da irin wannan wuri, shawarata ya dakata da zubi har ruwa ya sauka.

Danshi shi ne inda na ga mutanenmu sun fi ruɗewa, kuma ina ganin uzurinsu. Ƙa'idar da aka sani ita ce kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Amma ruwan da zai kai ka wannan adadi a watan Janairu ba shi zai kai ka a watan Agusta ba. A hunturu iskarmu a bushe take ƙamas, injin yana shanye ruwan tasa cikin sa'o'i. Ƙwan sai ya yi asarar ruwa fiye da kima, tantanin ciki ya bushe ya manne wa ɗan tsako kamar leda. Za ka ga ya huda ɓawo, bakinsa a waje yana kuka, amma ya kasa juyawa har ya mutu a haka. Duk wanda ya taɓa ganin wannan ba ya mantawa. A damina kuma akasin haka ne. Iska cike take da laima, mai injin ya ƙara cika tasoshi kamar yadda takarda ta ce, ƙwan ya kasa rage ruwansa. Gurbin iskar da ke ɓangaren mai faɗi sai ya tsaya ƙarami, ɗan tsako ya kai bakinsa can don numfashin farko ya tarar da ruwa. In ka fasa za ka same shi cikakke, jiƙe sharkaf, bai ko huda ɓawo ba.

Akwai hanyar da ba ta yaudara, kuma sikelin kicin kawai take buƙata. Ƙwai ya kamata ya rage nauyin kashi 11 zuwa 13 cikin 100 daga ranar zubi zuwa ranar 18. Misali, in ƙwai 30 sun auna giram 1,200 ranar farko, ana sa ran su dawo wajen giram 1,056 ranar 18, wato kusan rabin wannan ragi ya samu ranar 9. In raguwar ta yi sauri a ƙara ruwa, in ta yi nawa a rage. Faɗin tasar ruwa ke ƙara danshi, zurfinta kuwa daɗewa kawai yake sa ruwan ya yi.

Juyin ƙwai ba ya buƙatar dogon bayani. Aƙalla sau uku a yini, sau biyar ya fi, a yi wa ƙwan alama da fensir a ɓangarori biyu don kada a rikice, hannu kuma a wanke. Makon farko ne rashin juyi ya fi illa, don ɗan yana manne wa ɓawo. Ranar 18 a daina. Mai injin da ke juyi da kansa ya riƙa leƙawa, domin ƙaramin motar juyin tana iya tsayawa kwanaki ba a sani ba. Wanda ke jera ƙwai a tsaye ya tabbata ɓangaren mai faɗi ne a sama, in ba haka ba ɗan zai juya kansa inda babu iska.

Kwana ukun ƙarshe kuwa jarrabawar haƙuri ce. Ɗan tsako yana shiga gurbin iska wajen ranar 19 zuwa 20, ya huda ɓawo, sannan ya huta, wani lokaci har kusan yini guda, yana ƙarasa janye gwaiduwa cikin cikinsa. A wannan lokacin ne yara da maƙwabta ke taruwa, ana buɗe murfi kowane minti goma don a gani. Kowace buɗewa tana fitar da danshin da aka tara. Wani kuma tausayi zai sa ya ɓare wa ɗan ɓawo, jijiyoyin jini ba su gama ƙafewa ba, ya zubar masa da jini. A waɗannan kwanaki ne kuma buƙatar iska ta fi yawa, don haka a buɗe ƙofofin iska, a nisanta janareta, mai na kananzir kuma ya gyara lagwani kada ya yi hayaƙi. Wani kuskuren shi ne haɗa ƙwan kaza da na zabo a zubi ɗaya. Na zabo sai ya kwana 26 zuwa 28, don haka lokacin da na kaza ke son a daina juyi a ƙara danshi, na zabo bai kai ba.

Duk waɗannan dalilai ana rarrabe su da abu biyu: tocila da faranti. Ranar 7 zuwa 10 a shiga ɗaki mai duhu a haska kowane ƙwai. Mai rai za a ga jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo da ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Wanda ya fito fes, ko mai jan zobe, a cire shi. A sake haskawa ranar 18. Bayan ranar 23 a fasa duk abin da ya rage a waje, a rufe hanci, a duba. In yawanci babu alamar ɗa, a koma kan zakara. In jan zobe ne ko ɗan mitsitsin ɗa, a binciki ajiya da zafin kwanakin farko. In mutuwar tsakiya ce, a duba abincin iyaye da tsabta. In cikakkun 'yan tsaki ne a mace cikin ɓawo, danshi ne ko iska ko zafin ƙarshe. Sannan a binne su da zurfi, a wanke injin a shanya kafin zubi na gaba.

Ina kira ga cibiyoyinmu, irin su NAPRI da ke Shika, wadda ta samar mana da kazar Shika Brown, da NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da malaman gona na jihohi, su fitar da jagorar ƙyanƙyasa da Hausa, da boko da ajami, wadda ta raba hunturu da bazara da damina. Masu sayar da injin kuma su ji tsoron Allah su riƙa koya wa mai saye kafin su karɓi kuɗinsa. Ku kuma 'yan'uwa masu kiwo, kowa ya sayi littafin rubutu ya ajiye kusa da injinsa, ya rubuta ranar zubi, da yawan ƙwai, da zafin safe da na azahar, da abin da ya gani a faranti. In Allah ya sake haɗa mu, ku zo da littattafan nan mu duba tare.