Kanti a Cikin Waya: Aikin da ke Gaban Ɗalibai



Abin da ya tara mu yau shi ne batun buɗe wa ƙananan 'yan kasuwarmu kantuna a intanet, da irin gudummawar da mu ɗalibai za mu iya bayarwa.

Ciniki da mutanen nesa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Sa'ad da Baturen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka rina a birnin har Tambutu da Tarabulus. Wanda ya riƙe irin wannan fatauci kuwa shi ne fatoma, watau mai masauki da ya san baƙo, ya san ɗan gari, ya kuma tsaya wa kowannensu. To, intanet ta rage tafiya ƙwarai, amma ba ta zo da fatoma ba. Mai saye a Fatakwal bai taɓa ganin mai atamfa na Kantin Kwari ba, ga shi an ce ya aika kuɗinsa tukuna. Saboda haka duk abin da za mu gina, sai ya maye gurbin wannan mutum.

Waɗansunmu, musamman masu karatun kwamfuta, da an ce kanti sai su fara lissafin babban shafi irin na Jumia ko Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012. A ganinmu wannan ɓata kuɗin talaka ne. Mai ɗinkin hula ko mai kilishi, WhatsApp Business da ya fito a 2018 ya ishe shi farawa, tun da yana da wurin jera kaya. A ɗauki hoto da hasken rana domin launi ya fito yadda yake, a faɗi yadi nawa ne, a kuma rubuta farashi ƙarara. Wannan ɗabi'a ta cewa sai an yi magana a keɓe kafin a ji kuɗi, daga al'adar tayi da albarka ta samo asali, amma baƙon da bai san ka ba zai ɗauka so ake a cuce shi.

Game da biya, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya, har da mai shayi. Sai dai ya zo da saƙon bogi. Wajibi ne mu koya wa ɗan kasuwa kada ya saki kaya sai ya duba asusunsa da kansa. In da hali ya yi rajistar sunan sana'arsa a hukumar CAC, ya buɗe asusu da wannan suna, gama hankalin mai saye ya fi kwanciya da shi. Kai kaya kuma har yanzu yawanci ta tasha ne, tun da gidajen lungunanmu da yawa ba su da lamba. Lalle a aika wa mai saye lambar direba, a kuma daidaita tun farko wa zai ɗauki asara in kaya sun ɓace.

Amma fa inda wannan al'amari ya fi taɓa mu shi ne cikin gida. Iyayenmu mata sun daɗe suna sana'a ba tare da sun fita ba, suna ƙuli-ƙuli da dambun nama da turaren wuta da humra, hanyarsu ta zuwa kasuwa kuwa ita ce farantin talla a kan yarinya. Kowa a ɗakin nan ya san wata ƙanwa ko maƙwabciya da talla ya hana zuwa aji, ya kuma san haɗarin da ke tattare da yawon tasha. Matar da masu saye ke samunta ta waya tana iya barin ɗiyarta a makaranta, cinikinta kuma bai tsaya ba. Rashin karatun boko ba zai hana ta ba, domin saƙon murya ya wadatar. Wannan aiki 'yan'uwanmu mata ne za su fi iya shi, gama su ke shiga inda aka rubuta ba a shiga.

Sa'an nan mu tuna rumfar nan a filin wani aka kafa ta. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na wajen sa'a shida, a Satumbar wannan shekara kuma aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Don haka kowane mai kanti ya ajiye littafi, ya rubuta sunayen abokan cinikinsa da lambobinsu da basussukansa.

Abin da muke roƙo shi ne, a hutun da ke tafe kowannenmu ya zaɓi mai sana'a ɗaya a unguwarsu. A buɗe kantin da sunansa da lambar wayarsa, lambar sirri kuma ta zauna a hannunsa. A zauna da shi har ya karɓi cinikin farko da kansa, ya sa kaya a mota, kafin mu komo makaranta.