Ranar 15 ga Afrilu a Tarihin Nijar: Darasi ga Masu Riƙe da Jama'a

Jawabin da aka gabatar a taron cikar sarauta shekara ɗari, Harobanda, Yamai



Sarautar da ta cika shekara ɗari ta ga kwanaki masu yawa sun zo sun wuce, amma ba kowace rana ce ke barin sawu ba. Cikin waɗanda suka bar sawu a ƙasar Nijar akwai wata rana ta tsakiyar bazara, wato 15 ga watan Afrilu. Lokaci ne da rana ke ƙuna, kogin Isa ya janye, rumbuna sun yi ƙasa, damina kuwa da sauran tafiya. Sau biyu wannan rana tana juya akalar ƙasar nan, sau ɗaya da bindiga, sau ɗaya da alƙalami.

Karo na farko shi ne na shekarar 1974. Tun daga 1968 ruwan sama ya yi ta ƙaranci a yankin Sahel, har abin ya kai maƙura a 1973. Hatsi ya ƙone a gona, dabbobi suka yi ta faɗuwa a bakin rijiyoyi, makiyaya suka kwararo Yamai, aka tara dubbansu a sansanin Lazaret. Taimakon abinci ya shigo daga ƙasashen waje, amma zance ya bazu a gari cewa wasu manya na ɓoye shi suna sayarwa. 'Yan makaranta suka yi ta bore. Shugaba Diori Hamani kuwa, wanda ya karɓo wa ƙasa 'yanci a 1960, yana ja-in-ja da Faransa a kan farashin ma'adinin yuraniyom na Arlit.

A daren Lahadi wayewar Litinin, 15 ga Afrilu 1974, ana cikin hutun Ista, sojoji suka auka wa fadar shugaban ƙasa, wadda ke can ƙetare a kan gaɓa tana kallon wannan gefe na kogi. Cikin waɗanda suka rasa rayukansu a daren har da uwargidan shugaban, Hajiya Aïssa Diori. Da gari ya waye, Laftanar-Kanar Seyni Kountché, babban hafsan sojoji, ya sanar ta rediyo cewa mulki ya koma hannun soja. Aka jingine tsarin mulki, aka rushe majalisar dokoki, aka hana jam'iyyu.

Abin da sabuwar gwamnati ta fara sa wa gaba shi ne ciki. Aka buɗe cibiyoyin rabon hatsi a Damagaram da Maraɗi da Birnin Ƙwanni da N'Guigmi, motocin soja suka shiga ƙauyuka da buhuna. Aka saki fursunonin siyasa, aka kuma sallami sojojin Faransa daga ƙasar. Shi ya sa talakawa da yawa suka yi marhabin da canjin, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi ɗaya gefen. Diori ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Rabat a 1989. Boubou Hama, shugaban majalisa kuma babban masanin tarihin ƙasar nan, shi ma ya ɗanɗana ɗauri. Shekara goma sha uku mutane suna magana suna waiwaye, har Kountché ya rasu a Paris ran 10 ga Nuwamba 1987. Ƙofar da aka buɗe a wancan dare kuwa ba ta sake rufuwa ba, domin soja sun sake karɓar mulki a 1996 da 1999 da 2010 da 2023.

Karo na biyu ya zo bayan shekara ashirin da ɗaya daidai. Farin da ya kayar da Diori, da wanda ya biyo baya a 1984, sun ƙarar da dukiyar Abzinawa makiyaya, samarinsu da yawa suka tafi Aljeriya da Libiya. Da suka dawo gida ba su sami abin da aka alkawarta musu ba. Bayan jinin da aka zubar a Cintabaradan a watan Mayu 1990, tawaye ya ɓarke a arewa, hanyar Agadas ta zama sai da rakiyar soja.

Ran 15 ga Afrilu 1995, a birnin Wagadugu, wakilan gwamnatin Shugaba Mahamane Ousmane da na ƙungiyar 'yan tawaye ta ORA, wadda Rhissa Ag Boula ke jagoranta, suka cim ma yarjejeniyar zaman lafiya. Aljeriya da Burkina Faso da Faransa ne suka shiga tsakani. An amince da afuwa, da shigar da tsofaffin mayaƙa aikin soja da na gwamnati, da raya arewa, da miƙa wa jama'a ikon tafiyar da harkokin garuruwansu. Aka rattaba hannu a bainar jama'a a Yamai ran 24 ga watan, aka mai da wannan rana ta jituwar 'yan ƙasa. Ran 25 ga Satumba 2000 aka tara makamai aka cinna musu wuta a Agadas. Ko da yake tawaye ya sake tasowa a 2007, shi ma da zama a tabarma aka kashe shi a 2009.

Wanda yake son ganin abin da kan faru idan aka ƙi zama a tabarma, to ya dubi Sudan, ƙasar da mahajjatan ƙafa suka riƙa ratsawa, inda Hausawa da Fulani suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. A wannan rana ce dai, 15 ga Afrilu 2023, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun Janar Hamdan Dagalo, har fiye da mutum miliyan goma suka bar gidajensu.

Harobanda na ɗauke da shaidar waɗannan darussa. A wannan gefe ne aka kafa cibiyar AGRHYMET a 1974, don lura da ruwan sama da amfanin gona, kada fari ya sake yi wa Sahel ba-zata. Gada ta uku da aka buɗe a 2021 sunan Janar Seyni Kountché take ɗauke da shi, filin jirgin saman Yamai kuwa na Diori Hamani. Waɗanda dare ɗaya ya raba, ga shi gari ɗaya ya haɗa sunayensu.

Darasin ga masu rawani a fili yake. Ba a rana ɗaya aka yi 15 ga Afrilu ba: yunwar da aka kau da kai gare ta ce ta haifi ta 1974, koken da aka saurara kuma shi ya haifi ta 1995. Sarki shi ne ya fi kowa sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, da gonar da manomi da makiyayi ke shirin faɗa a kanta, dokokin ƙasa na 1993 kuwa sun tabbatar masa da ikon sasanta irin wannan rikici. Idan ya isar da kukan talaka da wuri, ya kashe wuta tun tana ƙarama, to ya tsare wa ƙasa abin da bindiga ba ta iya tsarewa. Magabata sun riga sun faɗa, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba, Ya ba da damina mai albarka, Ya zaunar da Nijar lafiya. Wassalamu alaikum.